Daga goyon zumunta zuwa aikin lada: tarihin raino a ƙasar Hausa ta bakin kalmominsa

Gabatarwa

A cikin Hausa akwai aikatau biyu da ake rubutawa da baƙaƙe iri ɗaya, wato «raina». Na farko shi ne na kula da yaro har ya girma, na biyu kuwa na ƙasƙanta mutum ne. Nahawu ya raba su sarai. Bisa ga tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, na kula da yaro yana cikin aji na 2, shi ya sa wasalinsa na ƙarshe ke sauyawa: ta raini yaro, ta raine shi. Na ƙasƙantarwa yana cikin aji na 1, wasalinsa ba ya sauyawa a rubuce: ta raina yaro, ta raina shi. Sunan aikin na farko «raino», na biyu «raini». Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, sabon mai karatu yakan yi tuntuɓe a nan, sai sauran jimla ta fid da shi.

Kamannin kalmomin biyu na sauti ne kawai. Amma tarihin shekaru ɗari da suka shige ya kusanta su ta wata hanya: raino yana da daraja muddin na zumunta ne, da ya koma aikin lada sai raini ya biyo shi. Wannan maƙala tana bin sawun sauyin ta hanyar sunayen da aka riƙa kiran masu rainon da su, domin kowane suna shaida ne na zamaninsa.

1. Raino cikin zumunta

A gidan gandu, inda magidanci da ƙannensa da ƴaƴansu ke noma gona ɗaya, rainon yaro bai taɓa zama aikin mahaifiya ita kaɗai ba. Tun ranar haifuwa hannuwa da yawa ke karɓar jariri: ungozoma ta yanke cibiya, wata dattijuwa ta tsaya kan wankan jego na kwana 40, kishiya ko kaka ta goya shi in uwa tana daka ko ta tafi rijiya. Idan ya kai wajen shekara 2, sai a kai shi yaye, galibi wurin kaka, ya kwana can har ya manta da nono.

Al'adar kunyar ɗan fari ta ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Mahaifiya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ke nan dole a sami wata da za ta nuna masa so a fili. Daga nan kalmomi irin su «uwar goyo», «ɗan goyo», «riƙo» da «tallafi» suka sami gurbinsu. A cikin labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954, an ga yadda matar da ba ta haifu ba take karɓar ƴaƴan dangi ta raine su har ta aurar da su. Abin da ake nufi ke nan da cewa ɗa na kowa ne.

Mafi yawan wahalar yini kuwa tana kan yaya, wato yarinyar gida da ake ɗaura wa ƙanenta a baya tun ita ma ba ta gama girma ba. Ba a biyan ta, kuma ba wanda ke ganin ta yi wa wani aiki: koyon zaman gida take yi, ita ma an goye ta, gobe za a goya nata. Abin lura shi ne, dukan waɗannan sunaye na dangantaka ne. Suna faɗin wace ce mai rainon ga yaro; ba ɗaya daga cikinsu da ke faɗin abin da take samu. Sakamakonta shi ne haƙƙin da ke kan yaron in ya girma: ya gaishe ta, ya tufatar da ita, ya riƙe ta in ta tsufa.

2. Abin da shari'a ta sani

Duk da haka, biyan lada saboda kula da jariri ba baƙon abu ba ne ga malaman ƙasar Hausa. Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ambaci shekara 2 na shayarwa, ta kuma halatta a nemo wa yaro mai shayarwa. Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, ta yi umurni da biyan ladan shayarwa. Kowane almajiri ya san labarin Halimatu Sa'adiyya wadda ta shayar da Annabi (S.A.W.). Sai dai shari'a ta ɗora wa nono hukunci mai nauyi: waɗanda suka sha nono ɗaya sun zama ƴan'uwa, aure ya haramta tsakaninsu, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun zaure, ta bayyana. A ƙasar da auren zumunci ya yawaita, wannan hukunci yana sa a yi hattara da ba yaro nonon wata. Ke nan ko a inda aka yarda da lada, mai shayarwa takan fito da matsayin uwa. Lada bai zubar mata da girma ba.

3. Bauta da barantaka

Akwai wata hanya ta biyu da raino ya biyo, wadda sunayenta suka bambanta da na farko. A gidajen sarauta da na attajirai na ƙarni na 19, a Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun kamar a Maraɗi da Gobir da Kano, aikin cikin gida yana hannun bayi mata: daka, niƙa, ɗibar ruwa, da goyon ƴaƴan uwargida. Sunayensu «baiwa» da «kuyanga». Kusa da su akwai «baranya», wadda ɗiya ce, ba baiwa ba, amma tana zaune a inuwar wani gida tana yi masa hidima, ana ci da ita ana tufatar da ita. Kuyangar da ta goyi ɗan sarki tana iya samun faɗa a ji in ya girma, amma darajar nan kyauta ce daga gare shi, ba haƙƙinta ba ce.

Turawan Faransa sun shiga Damagaram a 1899. Dokar 12 ga Disamba 1905 ta hana saye da sayar da mutane a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu. Doka ta soke ciniki, amma turmi da tulu da goyo suna nan, dole wani ya ɗauka. Barbara Cooper, a nazarinta na 1994 kan bauta da kulle da aikin mata a yankin Maraɗi, ta nuna cewa manyan gidaje sun riƙe tsoffin bayinsu mata da sunan sa-ɗaka, daga baya kuma aikin da bayi ke yi ya koma kan ƙananan matan aure. Sunan baiwa ya ja baya, aikinta ya saura a ƙarƙashin wasu sunaye. Saiwar abin ba ta mutu da wuri ba: sai a 2003 dokar Nijar ta tanadi hukunci na musamman ga laifin bautarwa, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta yanke wa Hadijatu Mani gaskiya a ƙarar da ta kai gwamnati.

Abin da wannan zamani ya bari a cikin tunanin jama'a shi ne: mace mai goyon ɗan da ba na danginta ba, a gidan da ba nasu ba, ƙasa take da masu gidan.

4. Zamanin Nasara

Albashin wata saboda aikin gida ya shigo ne tare da bariki. A Damagaram, wadda ta zama hedkwatar ƙasa daga 1911, da Yamai, inda aka mai da hedkwatar a 1926, kumandan da ma'aikatansa da ƴan kasuwar Turawa sun ɗauki masu yi musu hidima da kuɗi. Kalmomin da Hausa ta ara a lokacin, «boyi» da «kuku», na maza ne, domin maza aka fi ɗauka. Iyaye ba su yarda ɗiyarsu ta shiga gidan Nasara ba, kuma kalmar «bariki» kanta ta ɗauki ma'anar wurin da tarbiyya ke lalacewa. Saboda haka aikin gida na albashi ya fara da tabo biyu: na bauta da ya gada, da na bariki da ya tarar.

Dokar aiki ta ƙasashen Faransa na ƙetare, ta 15 ga Disamba 1952, ta ba da ma'anar ma'aikaci: wanda ya sa ƙarfinsa a ƙarƙashin umurnin wani don a biya shi. A rubuce, ma'anar ta haɗa da mai goyon yaro. A aikace, dokar da Faransanci take, kuma ba ta ƙetare zauren gidan Bahaushe ba.

A wannan zamani ne kalmar raino ta sami wata sabuwar ma'ana ta siyasa, wadda ta rage har yau a bakin ƴan jarida: «ƙasashe rainon Faransa», «ƙasashe rainon Ingila». A nan mai raino shi ne babba, mai iko. Kalma ɗaya ke nan tana ɗaukaka ƙasar da ta yi mulkin mallaka, alhali ba ta ɗaukaka yarinyar da ke goyon ɗan wani ba.

5. Bayan samun mulkin kai

Daga 1960 abubuwa uku suka haɗu suka mai da raino aikin lada na mata. Na farko, mata sun shiga aikin gwamnati: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu buga tafireta. Ma'aikaciyar da aka tura Tawa ko Dogon Dutsi, nesa da uwarta da yayyenta, ba ta da hannuwan gandu. Dole ta nemo wadda za ta riƙe mata yaro daga safe zuwa tashi aiki. Na biyu, kuɗin yuraniyom, wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971, ya yawaita gidajen masu albashi a birane. Na uku, farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 ya koro mutanen karkara zuwa gari, ya sa iyaye da yawa suka yarda ɗiyansu mata su shiga gidajen da ba na dangi ba.

Makaranta ma ta taka rawa ta hanyar da ba a zata ba. Da ɗiyar ma'aikaci ta tafi lakwal, goyon da ke bayanta sai ya sauka kan bayan wata yarinya daga ƙauye. Karatun ɗaya ya ginu bisa rashin karatun ɗayar. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin aikin yara a birnin Kano cikin shekarun 1970, ta nuna yadda matan kulle suka dogara ga yara wajen aike da talla. Duk inda makaranta ta janye waɗannan yara, gurbinsu ba ya zama wofi.

Sunayen wannan zamani su ne «ƴar aiki», «ƴar raino», da kalmar Faransanci «bonne» a bakin ƴan boko. A nan ginin kalma yana da abin faɗi. Hausa tana gina sunan mai sana'a da ɗafa-goshin ma-: manomi, maƙeri, masaƙi, majemi, marini. Waɗannan sana'o'i suna da sarakunansu, kamar sarkin noma da sarkin maƙera, suna da hanyar koyo da ladan da kowa ya sani. Raino bai shiga wannan sahu ba. Shi kuwa «ƴar» fuska biyu gare shi: yana nuna mai yin abu, kamar a «ƴar kasuwa», yana kuma nuna ƙanƙanta, kamar a «ƴar yarinya». A «ƴar aiki» fuskokin biyu sun haɗu, har mace mai shekara 40 ana kiran ta da sunan da ke mai da ita yarinya.

Sau da yawa kuma ana rufe aikin da rigar zumunta. Uwargida ta ce riƙon yarinyar take yi, yarinyar ta kira ta inna, kuɗin wata ya tafi hannun mahaifiyarta a ƙauye don tara kayan ɗaki. Tsohon riƙo yana ɗora wa mai riƙo nauyin tarbiyya da aurarwa. Aikin lada yana ɗora masa nauyin albashi da hutu. Yarinyar da ke tsakanin sunayen biyu tana iya rasa duka.

Kammalawa

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Mafi ƙarancin albashi, wanda aka tsai da a kan sefa 30.047 a 2012, an ɗaga shi zuwa 42.000 a 2024. A duniya kuma, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince a 2011 da yarjejeniya mai lamba 189, wadda ta ɗauki aikin gida a matsayin aiki kamar kowane. Tun da an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, wajibi ne irin waɗannan dokoki su fito da Hausa, kuma mai fassara zai tarar da tambayar da tarihi ya bari: da wane suna za a kira wannan ma'aikaciya?

Abin da ya fi dacewa shi ne «mai raino». Kalma ce da kowa ya sani daga Yamai zuwa Gure, ba ta nuna shekaru, ba ta ɗauke da tabon bauta ko na bariki, kuma tana faɗin aikin kansa. Ya kamata littattafan yaƙi da jahilci su raba ta da «riƙo», a kuma sa darasi kan lissafin albashi da kwanakin wata da rubuta yarjejeniya. Masu tsara lokutan karatu su tuna cewa mai raino ba ta da sarari da safe ko da yamma lokacin girki. Ajin da bai dace da yininta ba, ba za ta zo shi ba. Ga masu bincike kuwa, aikin da ke jira shi ne tattara sunayen da ake kiran masu raino da su a Adar da Arewa da Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram, daga bakin tsofaffin da suka yi goyon, tun suna da rai.