Gadon da Ba a Zubarwa: Tarihin Maɓallan Fom a Manhajar Kwamfuta

A Hausa, kalmar "gado" mai dogon wasali a gaɓar farko tana nufin abin da mamaci ya bar wa magadansa. Magaji kuwa yana da ikon ya sayar ko ya kyautar. Masu rubuta manhaja su ma suna da nasu gadon, sai dai wanda ake gada a wurinsu yana nan da ransa.

Tunanin ya samo asali ne a birnin Oslo na ƙasar Norwe, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da harshen Simula 67 a shekarar 1967. A cikinsa ana tsara aji guda mai siffofi da ayyuka, sannan wani aji ya gaje shi, ya ƙara nasa. A 1987 Barbara Liskov ta bayyana sharaɗin da wannan gado ya rataya a kansa: duk inda magabaci zai yi aiki, dole magajinsa ya iya tsayawa a gurbinsa ba tare da wani abu ya lalace ba.

Kamfanin Borland ya fitar da Delphi a 1995, kuma a 1996 Delphi 2 ya kawo gado cikin fom, wato shafin da mutum ke gani a allo, mai maɓallai da akwatunan rubutu. Sai a zana fom guda, sauran su gaje shi. Fayil ɗin magaji bambance-bambance kawai yake adanawa, don haka gyara ɗaya a magabaci yana isa ga dukkan zuriyarsa.

A nan ne matsalar ta ɓullo. A ɗauka fom ɗin asali yana da akwatin rubuta sunan gari, magaji kuma yana son ya musanya shi da jerin garuruwan da za a zaɓa. Delphi zai bar shi ya matsar da akwatin, ya sauya girmansa, amma ba zai yarda a goge shi ba. Dalili shi ne umarnin da ke cikin magabaci yana ci gaba da kiran akwatin da sunansa. Da za a cire shi, kiran zai faɗa wurin da babu kowa, manhajar ta tsaya cak.

Dabarar farko ita ce a ɓoye tsohon akwati, a ɗora sabo a gurbinsa. Aiki yana tafiya, amma fom yakan cika da ɓoyayyun abubuwan da ke rikita wanda zai zo gyara daga baya. A 1999 Delphi 5 ya kawo firam, ɓangaren fom mai zaman kansa da ake sakawa inda ake so. Windows Forms na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2002, ya ƙara tsanantawa: maɓallin da aka gada a kulle yake har sai magabaci ya ba da izinin taɓa shi.

Tun a 1994 littafin Design Patterns ya ba da shawarar a fifita haɗa ɓangarori a kan gado. Gogaggun masu zana fom sun bi wannan hanya: suna barin fili a magabaci, kowane magaji ya cike shi da abin da ya dace da aikinsa. Abin da zai iya sauyawa gobe, ba a kafa shi a magabaci tun farko.