Yadda Babban Baƙi Ya Hau Kan Ɗangon Waƙa

Waƙoƙin Nana Asma'u da na sauran malaman ƙarni na 19 sun iso mana cikin ajami, shi kuwa ajami, kamar Larabcin da ya haife shi, ba shi da babban baƙi da ƙarami. Mai kwafar waƙar ƙwar biyu yakan jera ɗangayen nan biyu a layi ɗaya, ya bar fili ko 'yar alama a tsakani. Sauran aikin na kunne ne: kari da ƙafiya su ke shaida wa mai rerawa inda baiti ya tsaya.

To daga ina aka samo al'adar fara kowane ɗango da babban baƙi, ko da jumla ba ta ƙare ba? Daga Turai, kuma su ma ba da ita suka tashi ba. Kwafin tsohuwar waƙar Ingila, Beowulf, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1000, a zube yake daga gefe zuwa gefe kamar labari. Masu kwafar waƙoƙin Latin ne suka saba ware baƙin farko na kowane layi, su girmama shi, su ɗan nesanta shi da 'yan uwansa don ido ya kama mafarin layi. Da injin ɗab'i ya zo sai ya gaji wannan ɗabi'a. A 1501 Aldus Manutius ya buga waƙoƙin Virgil a birnin Venis da ƙananan baƙaƙe masu karkata, amma baƙin farko na kowane layi babba ne, a miƙe, a ware. Maɗaba'u suka bi sahu har abin ya zama kamar farilla, sai a ƙarni na 20 mawaƙa irin su E. E. Cummings na Amurka suka yi masa tawaye.

Boko ne ya kawo mana babban baƙin. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja suka shiga ɗab'i. Nan siffar baiti ta sauya: ɗangayen da ke kallon juna suka koma ɗaya bisa ɗaya, akan tura na ƙarshe ciki kaɗan, a sa wa baitoci lamba. A ganina wannan turawar ta fi babban baƙin amfani, don tana nuna ɗangon da ke ɗauke da babban amsa-amo. Babban baƙin ado ne kawai, wani lokaci ma yakan sa ɗalibi ya ja numfashi inda mawaƙi bai ja ba.

Mawaƙan baka irin Mamman Shata ba su rubuta ba, masu nazari ne suka yanka musu layuka bisa numfashi da amshi. Yau kuma matasa na buga baitocin waƙoƙin fim a waya, yawanci da ƙananan baƙaƙe zalla, ba lanƙwasa, ba waƙafi.