Okid, Furen da ke Zaune Bisa Itace

A Clinton, inda na ke zaune, kudu da birnin Washinton, kusan kowane babban kantin abinci za ka tarar ana sayar da wani fure a ɗan tukunya, wanda Turawa ke kira okid. Farkon ganina da shi na zaci ɗan'uwan kauci ne, don an ce mini a ƙasarsa bisa itatuwa ya ke fitowa. Ashe ba haka ba ne. Kauci shan ruwan itace ya ke yi, shi kuwa okid masauki kaɗai ya ke nema, ruwan sama da raɓa su ne abin shansa.

Ku da ke koyon Hausa, akwai inda labarinsa ya gamu da naku. Cikin 1841 Gwamnatin Ingila ta aika da jiragen ruwa uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau Kogin Kwara don neman hanyar kashe cinikin bayi. Cikinsu akwai wani mai wa'azi, J. F. Schön, da Samuel Ajayi Crowther, da kuma wani ma'aikacin lambu wai shi John Ansell. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, sauran suka janye zuwa tsibirin Fernando Po, wanda yanzu a ke kira Bioko. To, a can ne Ansell ya ga wani okid manne da itacen kwakwa, furensa rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Cikin 1844 masani John Lindley ya raɗa masa suna Ansellia africana. Shi kuwa Schön, cikin 1843 ya buga littafinsa na kalmomin Hausa. Watau tafiya ɗaya ta haifi fure da ƙamus, ko da ya ke ba su a ka je nema ba.

Samun okid bai kai riƙonsa wuya ba. Masu lambu a Ingila suka ce ai tun da daga ƙasar zafi ya fito, sai su kulle shi a ɗakin gilashi, su hura wuta, su yi ta kwarara masa ruwa. Haka suka yi ta kashe dubbai, alhali an sha wahala ƙwarai kafin a kawo su, har irin su Joseph Paxton suka gane abin da ke zaune bisa reshe iska ya ke so. Sa'an nan suka rage wuta, suka buɗe tagogi.

Saura wuya ɗaya. Irinsa kamar ƙura ya ke, ba shi da guzurin abinci, a daji ba ya tsiro sai wani irin funfuna ya ciyar da shi. Saboda haka a da sai attajirai ke ajiye okid. Cikin 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell ya nuna ana iya tsirar da irin cikin kwalba, da sukari da gishirin taki, ba tare da funfunar ba. Daga nan farashi ya kama sauka. Gidan Smithsonian ya fara tara okid cikin 1974 da tushe biyar tak, ga shi yau dubbai gare su a ɗakunan gilashi a Suitland, ba nisa da nan.

Wanda a ke sayarwa a kantunanmu yawanci Phalaenopsis ne, asalinsa kudu maso gabashin Asiya. Ni ma kuskuren mutanen da na yi wa na farko da na saya: na zuba masa ƙasa, ina ba shi ruwa safe da yamma kamar yakuwa, saiwar ta ruɓe. Na biyu kuwa cikin ɓawon itace ya ke, a tagar gabas, nesa da abin ɗumama ɗaki. Ran Jumma'a na kan jiƙa shi, in bar ruwan ya tsiyaye sarai kafin in mayar da shi wurinsa.