Lokacin da Kamfani Ya Zama Ubangidan Mai Shi: Tarihin Bizar O-1 a Amurka

Bizar da ake kira O-1 izini ne na wucin gadi da Amurka ke bai wa baƙon da ya yi zarra a kimiyya, ilimi, kasuwanci, wasanni ko fasaha, domin ya shiga ƙasar ya yi aiki a fagen da ya yi suna a cikinsa. Asalinta daga Dokar Shige da Fice ta 1990 ne, wadda Shugaba George Bush babba ya rattaba wa hannu a watan Nuwamba na shekarar, ko da yake rukunin bai soma aiki ba sai a Afrilun 1992, bayan ƙorafin masu shirya wasanni da kaɗe-kaɗe ya sa majalisa ta yi masa kwaskwarima. Kafin wannan lokaci dokar shige da fice ta 1952 ta haɗa ƙwararru da fitattu a rukuni guda mai suna H-1, sai sabuwar dokar ta raba su, ta ware H-1B ga masu sana'o'in da ke buƙatar digiri tare da ƙayyade musu gurbi 65,000 a shekara, ta bar O-1 babu ƙayyadadden adadi.

Sharaɗin cancanta yana da tsauri, domin a ɓangaren kimiyya da kasuwanci sai mutum ya nuna babbar lambar yabo irin ta Nobel, ko ya cika uku daga cikin ma'aunai takwas, kamar rubuce-rubucen da aka yi a kansa, alƙalancin aikin tsararsa, ko albashin da ya ɗara na saura. Amma sharaɗin da ya fi takura masu kafa kasuwanci shi ne cewa baƙo ba ya nema wa kansa wannan biza, sai dai wanda zai ɗauke shi aiki ko wakili mazaunin Amurka ya shigar da takarda a madadinsa. Waɗanda suka tsara ƙa'idar sun yi ta ne da tunanin jami'a da malaminta, ko kamfanin fim da jaruminsa, shi ya sa ma aka wajabta jin ra'ayin ƙungiyar ƙwadago ko ta ƙwararrun fannin. Abin mamaki kuwa, dokar ta 1990 ɗin nan ce ta yarda fitaccen mutum ya nema wa kansa izinin zama na dindindin ba tare da ubangida ba, a rukunin EB-1A, wato ta sassauta a babban abu ta tsananta a ƙarami.

Mafitar ta fito ne daga wata tsohuwar ƙa'ida ta dokar kamfanoni, wadda ke ɗaukar kamfani mai rajista a matsayin mutum na daban a idon shari'a. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a Ingila ita ce ta Aron Salomon, mai sana'ar takalma a Landan, wanda ya mai da kasuwancinsa kamfani, matarsa da 'ya'yansa biyar kowa na riƙe da hannun jari ɗaya tak, kuma a 1896 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke cewa bashin kamfanin ba nasa ba ne. Dokar Amurka ma a kan wannan turba take, kuma hukumar shige da fice ta bi ta a 1980 cikin hukuncin Aphrodite Investments, inda ta amince cewa kamfani na iya neman biza ga mai shi tun da ba abu ɗaya ba ne su biyun.

Duk da haka lamarin ya daɗe yana tangal-tangal. A Janairun 2010 hukumar USCIS, wadda ta gaji wannan aiki a 2003, ta fitar da takardar umarni da ke neman a tabbatar cewa mai ɗaukar aiki yana da ikon sarrafa ma'aikacinsa, kuma ko da yake H-1B aka nufa, tasirinta ya kai ga masu neman O-1. Daga nan lauyoyi suka riƙa shawartar wanda ya kafa kamfani ya naɗa kwamitin daraktoci mai ikon sallamarsa, ya ƙulla yarjejeniyar aiki da kamfaninsa, wani darakta ya sa hannu a gurbin ubangida, shi kuma a gurbin ma'aikaci. Sau da yawa wannan tsari na takarda ne kawai, domin da wuya daraktan da mai kamfani ya naɗa ya kore shi, amma shi ne abin da jami'ai ke son gani.

An janye umarnin a Yunin 2020 bayan wata kotun tarayya a Washington ta ƙi amincewa da fassarar hukumar, sannan a ranar 8 ga Janairun 2025 USCIS ta rubuta ƙarara a kundin manufofinta cewa kamfanin da baƙo ya mallaka na iya shigar masa da takardar O-1, muddin yana da rajista a matsayin abu mai zaman kansa. Wannan bai shafi mai kasuwanci da sunansa kawai ba, domin a shari'a shi da kasuwancin mutum ɗaya ne, kuma bai rage komai daga ma'aunin cancanta ba, haka nan wa'adin farko yana nan bai wuce shekara uku ba, sai a riƙa sabuntawa shekara-shekara matuƙar aikin da aka nemi bizar dominsa yana ci gaba.