Jiƙa nama a kayan ƙamshi

Jiƙa nama a kayan ƙamshi hanya ce ta sarrafa ɗanyen nama kafin a gasa shi ko a soya shi. Ana cuɗa naman da gishiri da kayan yaji, wani lokaci har da mai ko wani abu mai tsami, sannan a ajiye shi na ɗan lokaci ya tsumu. Al'ummomi da dama suna yin haka, kowace da irin haɗinta. A ƙasar Sin da Biyetnam an fi yin sa da naman alade, kuma haɗin mai ruwa-ruwa ne. A ƙasar Hausa, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne kuma ba a cin alade, ana yin sa da naman sa, rago, akuya ko kaza, haɗin kuma busasshe ne ko mai kauri, tushensa gyaɗa. Tsire da kilishi su ne fitattun misalai.

Kalmomi

Hausa ba ta keɓe wa wannan aiki kalma guda ba, kowane mataki da nasa fi'ilin. Ana barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, ana shafa mai, ana tsoma kilishi, sannan a bar nama ya tsumu. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kusa da ainihin ma'anar, domin daga tushensa ne aka sami kalmar tsimi, wato abin da aka jiƙa har ruwa ya ɗauki ƙarfinsa.

Kalmar tsire daga fi'ilin tsirewa take, wato soke abu da tsinke. Suya kuwa a Hausa sunan aiki ne daga soya, kuma a asali ba ta nufin gashi. Da mahauta Hausawa suka kai sana'ar kudancin Najeriya, sai kalmar ta koma sunan tsire a can, har ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya sanar da shigar da ita cikin kalmominsa a farkon 2025. A Kamaru ana ce masa soya, a Gana cicinga, a Sudan kuma agashe. Wani abin sha'awa shi ne sunan gasasshen naman kudancin Sin, ca-siu, a harshen Kanton yana nufin gashin cokali mai yatsu, saboda dogon ƙarfen da ake soke naman da shi. Harsunan biyu ba su da dangantaka, amma kowanne ya raɗa wa abincin suna daga abin da ake tsire shi.

A Zango da masarautar Daura

Zango na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 5 da ke ƙarƙashin masarautar Daura a Jihar Katsina, tare da Daura, Baure, Mai'aduwa da Sandamu. Tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma dabbobi da yawa da ake yankawa a yankin suna biyowa ne ta kasuwannin bakin iyaka, musamman kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa. Sana'ar nama tana hannun mahauta ƙarƙashin Sarkin Fawa, kuma galibi gadonta ake yi. Shi ya sa ma'aunin haɗin yaji ya bambanta daga tukuba zuwa tukuba, ba kowa ke yarda ya faɗi nasa ba.

Mai tsire yakan yanka tsoka falle-falle, ya tsire ta a tsinke, ya mirgina ta cikin garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da citta, barkono, gishiri da dunƙule, wasu su ƙara masoro, kanumfari ko kimba. Sai ya yayyafa man gyaɗa, ya kafa tsinkayen kewaye da wuta ko ya jera su a kan waya. Tsumuwar ba ta daɗewa, daga hantsi zuwa la'asar ne a mafi yawa. Balangu bai cika shiga wannan babi ba, tun da manyan yanka ake gasawa da gishiri da mai, sai an yayyanka wa mai saye ake barbaɗa yaji.

Kilishi ne ke da tsomi na sosai. Ana feɗe tsokar da ba kitse ta zama shimfiɗa siririya, a shanya ta a rana ta bushe. Daga nan a dama tunkuza da ruwa, a zuba yaji, albasa da gishiri, wasu su sa sukari. Wannan haɗi shi ake kira labu. Busasshen naman ake tsomawa a ciki, shi ya sa yake shan haɗin sosai, ba kamar ɗanyen nama da ke cike da ruwansa ba. A sake shanyawa, sannan a ɗan gasa shi sama-sama. A Nijar ana rarrabe kilishi ja da fari, da kuma rumuzu wanda ba a tsoma shi a labu, mai da gishiri kawai ake sa masa. Unguwar Agadasawa a Kano da garin Madawa a Nijar sun yi suna a wannan sana'a.

A cikin gida, lokacin Babbar Sallah ne aka fi ganin wannan aiki, sa'ad da naman layya ya yi yawa. Akan jajjaga tafarnuwa, citta, albasa da attaruhu a cuɗa haƙarƙarin rago da su kafin a gasa.

Salon Sin da Biyetnam

Haɗin ca-siu ya ƙunshi baƙin ruwan waken suya mai gishiri, zuma ko sukari, tafarnuwa, da garin ƙamshi biyar. Biyu daga cikin biyar ɗin, kanumfari da kirfa, Bahaushe ya san su a shayi da yaji. Ana kuma yawan zuba giyar shinkafa ta Shaoxing. Naman kan kwana cikin haɗin, a gasa shi a tanda, ana shafa masa zuma har bayansa ya yi ja yana sheƙi.

A Biyetnam, yankan haƙarƙarin alade da aka gasa a gawayi shi ake kira suon nuong, kuma a birnin Ho Chi Minh an fi cin sa da ɓarzajjiyar shinkafa. Ginshiƙin haɗin shi ne ruwan kifi, wanda ake samu ta hanyar jera ƙananan kifaye da gishiri a manyan randunan katako har kusan shekara. Tsibirin Phu Quoc ya shahara da yin sa. Ana ƙara sukari, tafarnuwa, ƙananan albasa da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake dafa shayi da ita a nan.

Ba lallai sai da alade ba. 'Yan Biyetnam suna gasa naman sa da wannan haɗi, Musulmin Sin kuma, wato Hui da Uygur, an san su da tsiren rago mai barkono da kumin wanda duk mai cin tsire a Zango zai gane shi da gani.

Abin da ke faruwa a cikin naman

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan nama ya daɗe a haɗi ƙamshin zai ratsa har ƙashi. Ba haka ba ne. Gishiri ne kaɗai ke kutsawa ciki sosai, yana sassauta furotin ɗin tsoka ta yadda za ta riƙe ruwanta a kan wuta. Ƙamshin tafarnuwa, citta da sauransu ba ya wuce 'yan milimitoci daga saman naman. A nan ne hikimar yankan mai tsire take: idan yanka ya yi siriri, kusan dukkansa sama ne, ba sai an jira kwana ba.

Abu mai tsami kamar lemun tsami ko tsamiya yana tausasa saman nama, amma in ya yi yawa ko ya daɗe sai saman ya yi fari ya lalace, cikin kuma yana nan da taurinsa. Ɗanyar citta da ɗanyar gwanda suna ɗauke da sinadarai masu narka furotin, saboda haka suna taimakawa ga naman tsohuwar dabba, sai dai gwanda tana da ƙarfi, kaɗan ake sawa.

Launin ja da ƙamshin gashi suna fitowa ne idan furotin ya haɗu da sukari a kan zafi, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Zuma a haɗin Sin da garin gyaɗa a tsire duk suna ƙara wannan launi. Ɗanɗanon nan mai gamsarwa na ruwan waken suya da ruwan kifi kuwa daga sinadarin gulutamet yake, wanda Kikunae Ikeda na Japan ya gano a 1908. Shi ne a cikin dunƙule, kuma shi ne a cikin daddawa, wadda ake samu ta barin 'ya'yan ɗorawa su ruɓa su tsumu. Don haka a fagen aiki daddawa ce takwarar waɗannan ruwaye guda biyu, ko da yake ƙamshinsu ba ɗaya ba ne.

Yin sa a gida da naman rago

Yankan da ya fi dacewa shi ne na gadon baya mai ƙashin haƙarƙari, kaurinsa kamar santimita 1 zuwa 2. Ga misalin haɗi na kilo 1: tafarnuwa ƙwaya 5, citta kamar tsawon ɗan yatsa, albasa 1, zuma babban cokali 2, man gyaɗa babban cokali 2, ruwan rabin lemun tsami, da kanumfari da kirfa kaɗan. Idan an sami ruwan waken suya, wanda ake sayarwa a kwalba a manyan kantunan Kano da Katsina, babban cokali 4 ya isa, ba sai an ƙara gishiri mai yawa ba. Idan babu, a daka daddawa tare da gishiri kimanin giram 10, wato ƙaramin cokali 2. Giyar shinkafa ana barin ta gaba ɗaya. Lemun tsamin ya rufe gurbinta. Mai son salon Biyetnam sai ya cire kanumfari da kirfa, ya daka farin gindin ciyawar shayin ya zuba.

Haɗi mai zuma yana saurin ƙonewa. A bar gawayi ya yi fari tukuna, a kakkaɓe ragowar jajjagen da ya manne, a gasa a gefen wuta ana juyawa, sai dab da saukewa a matsar da shi tsakiya ya yi launi. A bar shi ya huta kamar minti 3 kafin a ci.

Kiyaye lafiya

A nan ne kwaikwayon girkin ƙasashen waje yake da haɗari. Umarnin a bar nama ya kwana a haɗi an rubuta shi ne don mai firji da wutar da ba ta ɗaukewa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma a Zango zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Gishiri da yajin da ke cikin haɗin ba su kai ƙarfin da za su hana nama lalacewa ba. Idan babu firji ko ƙanƙara, kada tsumuwar ta wuce awa 1 a lokacin zafi, kuma gara a yanka naman siriri a bi hanyar masu tsire. Kilishi yana yin watanni ne saboda an fitar da ruwansa, ba saboda labu ba.

Ruwan da ɗanyen nama ya kwanta a ciki ba a zuba shi a kan gasasshe sai an tafasa shi, haka kuma kwanon da wuƙar sai an wanke. Cikin yankan rago ko sa ya kai digiri 63, na kaza kuma 74. Ƙuli-ƙuli da tunkuza su ma a duba asalinsu, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar afalatoksin mai illa ga hanta, kuma zafin gashi ba ya kawar da ita.