Daga Hatimin Waziri zuwa Mabuɗi Biyu: Tarihin Tsare Saƙo a Iyakar Gobir

A watan Maris na 1903, bayan sojojin Ingila sun shiga Sakkwato, an tarar da tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari. Yawancinsu daga sarakunan ƙasashen daula suke zuwa ga Sarkin Musulmi da Wazirinsa, wasu kuma suna magana ne a kan zuwan Nasara da abin da ya kamata a yi. An fassara su, kuma a 1927 wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya buga su da Turanci a Legas. Kowace wasiƙa ta isa hannun wanda aka aika wa lafiya. A wurin ajiya asirinta ya tonu.

Ƙasar da ke tsakanin Isa da Sabon Birni ta daɗe da sanin darajar labari. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri, wadda a yau take cikin Nijar kusa da Maraɗi. Wajejen 1860 Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, Isa kuwa ta tsaya a ɓangaren Sakkwato. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, ana auratayya, ana cin kasuwa tare, ana kuma kai wa juna hari. A irin wannan wuri, sanin ranar da mahaya za su fito shi ne bambancin tsira da halaka.

Abu biyu ke kare saƙo a wancan zamani. Hatimi da salon rubutun magatakarda su ke shaida daga inda takarda ta fito. Sirri kuwa yana cikin manzo, wanda sau da yawa yakan riƙe muhimmiyar maganar a ka, ya faɗe ta baki da baki. Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Larabcin ma wani shinge ne, tunda masu karanta shi kaɗan ne. Amma shinge ne gajere: duk wanda ya sami malami ya tsallake.

Malaman Musulunci sun san dabarar rikita haruffa tun da daɗewa, sun kuma san rauninta. A ƙarni na 9 al-Kindi ya bayyana a Bagadaza yadda ake warware irin wannan rubutu ta hanyar ƙirga yawan maimaituwar kowane harafi. Ko da dabarar ta yi ƙarfi, matsala ɗaya ta rage: mabuɗin da ya kulle shi ne ke buɗewa, don haka dole a kai wa mai karɓa mabuɗin ta hannun wani. In an tare wannan manzon, an gama.

A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa hanyar fita a Amurka, a 1977 kuma Rivest da Shamir da Adleman suka fito da tsarin RSA. Sai a 1997 aka bayyana cewa Clifford Cocks na hukumar leƙen asirin sadarwa ta Ingila ya gano irinsa tun 1973. Kowane mutum yana da mabuɗi biyu masu alaƙar lissafi. Na fili kamar buɗaɗɗen kwaɗo ne da mutum zai raba wa kowa: wanda ke son aiko masa da saƙo ya sa a akwati ya danna. Na sirri shi kaɗai ke buɗe kwaɗon, kuma ba ya barin hannun mai shi. Idan kuma mutum ya sa hannu a fayil da mabuɗinsa na sirri, kowa na iya tantancewa da na fili. Aikin hatimi ke nan.

Phil Zimmermann ya mayar da wannan manhajar da kowa zai iya amfani da ita, PGP, a 1991, har gwamnatin Amurka ta yi shekara uku tana bincikensa kafin ta janye a 1996. A Jamus, Werner Koch ya fara GnuPG a 1997, kyauta, kuma har yau ana kulle fayil da ita. Tun 2016 WhatsApp ke amfani da dangin wannan lissafi ga dukkan saƙonni.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Tsohuwar matsalar ce ta dawo. Ma'aikacin asibiti, da jami'in agaji mai sunayen 'yan gudun hijira, da ɗan jarida mai muryar wanda ya ba da shaida, duk suna tafe da gidan Waziri a aljihu. Wayar da aka ƙwace a hanya a buɗe, WhatsApp ba zai cece ta ba, domin kariyarsa ta tafiyar saƙo ce.

A nan tsarin mabuɗi biyu ke da amfani. Kullewa ba ta buƙatar komai sai mabuɗin fili. Ana iya saita kwamfutar ƙaramin ofishi ta riƙa kulle bayanan yini da kanta kowane dare da mabuɗin fili na hedikwata, ta ajiye su har a sami intanet, sannan a goge na asali. Wanda ya sace kwamfutar ba zai iya buɗe abin da ita kanta ta kulle ba, tunda mabuɗin sirri yana Sakkwato. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye mabuɗin sirri da kalmar buɗe shi a cikin na'urar da ke aikin kai tsaye don neman sauƙi, wanda daidai yake da rataye mabuɗi a jikin kwaɗo.

Sharuɗɗa uku suka rage. Kafin a amince da mabuɗin fili na wani, a karanta gajeriyar lambar shaidarsa tare da mai shi, ido da ido ko ta muryar da aka sani, don kada a kulle wa ɗan sojan gona. A ajiye kwafin mabuɗin sirri a wurin da ba ya haɗe da intanet, domin in ya ɓata, fayilolin sun tafi ke nan. A kuma tuna cewa kullewa tana ɓoye abin da aka faɗa ne kawai. Wanda ya aika, da wanda ya karɓa, da lokacin, duk suna nan a fili.

Lissafi ya ɗauke wa manzo nauyin kai mabuɗi, bai ɗauke wa mai riƙe da shi nauyin amana ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane ofishi da ke tara sunayen mutanen Isa da Sabon Birni yana bukatar ya san wa ke riƙe da mabuɗinsa, da abin da za a tarar ranar da baƙo ya shiga ɗakin ajiya.