Daga Waken Kalaba Zuwa Maganin Gigin Tsufa

Gabatarwa

Gigin tsufa ciwo ne da kan raba dattijo da tunaninsa, har ya kai ga manta sunan 'ya'yan cikinsa. Wannan maƙala za ta bi sawun magungunan da ake ba masu wannan lalura, domin tushen tarihinsu yana nan gida Nijeriya.

Waken Shari'a

A ƙasar Kalaba akwai wani wake mai dafi da Ifik ke kira esere. A da, idan aka zargi mutum da maita, sai a ba shi ya ci. In ya amayar, ya kuɓuta. In ya mutu, an ce laifinsa ya tabbata. 'Yan mishan na Sukotlan da suka sauka Kalaba a 1846 su ne suka aika da waken zuwa birnin Edinbara. A 1864 masana biyu, Jobst da Hesse, suka tace sinadarin da ke cikinsa, aka raɗa masa suna fisostigmin.

Sai a 1926 Otto Loewi da abokin aikinsa Navratil suka gano yadda yake aiki. Jijiyoyi kan aika wa juna saƙo ta hanyar wani sinadari, asitilkolin. Da zarar saƙon ya isa, sai wani inzayim ya rusa shi. Fisostigmin yakan ɗaure wannan inzayim, saƙon ya daɗe yana aiki.

Haɗuwar Hanyoyi Biyu

Tun a 1906 likita Alois Alzheimer na Jamus ya bayyana cutar da ke ɗauke da sunansa. A 1976 Davies da Maloney suka nuna cewa ƙwaƙwalwar masu cutar ta yi ƙarancin abin da ke samar da asitilkolin. Daga nan dabara ta fito: tun da sinadarin ya ƙaranta, a hana rusa ɗan abin da ya rage.

An gwada fisostigmin, amma ƙarfinsa ba ya jimawa a jiki, ga kuma tashin zuciya. A 1993 Amurka ta amince da takirin, sai dai yana taɓa hanta, daga baya aka daina sayar da shi. Donefezil, wanda Hachiro Sugimoto da abokan aikinsa suka haɗa a kamfanin Eisai na Japan, ya sami amincewa a 1996. Ribastigmin ya biyo baya a 2000, shi kuwa a kan ƙirar fisostigmin aka gina shi, wato jikan waken Kalaba ne. Galantamin ya zo a 2001.

Kammalawa

Waɗannan magunguna sassauci suke kawowa, ba sa tsayar da mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. An koma kan wani inzayim da ke taimakawa wajen tara dasƙararren furotin a ƙwaƙwalwa, amma gwajin maganin berubesestat ya ci tura a 2017 da 2018. Ga iyalin da ke jinyar tsoho, 'yan watannin da zai ƙara yana gane fuskokinsu ba ƙaramin abu ba ne. Da babu gara ba daɗi, amma da sauran rina a kaba.